Baturiyar Da Ta Bar Ingila Domin Allah

 

'Yar'uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wannan mako wata magana ce da ta auku a makarantar da nake koyarwa a nan Gozaki. Ran nan bayan an tashi, sai uwar wata yarinya 'yar aji shida ta same ni. Ta ce ta zo ne ta gaya mini da bakinta don kada in ji a gari, cewa in 'yarta ta gama wannan shekara ba za ta wuce sakandare ba. Yarinyar nan kuwa tun daga aji uku ba ta taɓa sauka daga na ɗaya ko na biyu ba. Na ce, "Inna, lafiya? Ko kuɗin littattafai ne?" Ta ce, "A'a Malama, masara ta yi kyau bana, alhamdu lillahi. Ni dai so nake ta zauna ta san Ubangijinta. Boko duniya ce, mu kuwa lahira muke nema mata."

Washegari a cikin aji na tambayi yara abin da kowa yake so ya zama. Wata yarinya daban ta miƙe ta ce, "Ni Malama, in na yi karatu Dubai za ni, ko Ingila, in tara kuɗi, ba ni dawowa." Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa sai na yi tsaki a zuci, don na ga uwar jiya da yarinyar yau bakinsu ɗaya ba su sani ba. Dukansu sun ɗauka hanyar makaranta duniya kaɗai take kaiwa. Bambancinsu dai, ɗaya gudun hanyar take, ɗaya kuwa ɗokinta take.

To, saboda su biyun nan, da ke mai karatu, zan ba da labarin wata mace wadda aka haifa a can inda yarinyar take mafarkin zuwa, amma ta baro can ta zo nan neman abin da uwar take nema wa 'yarta. Wannan mace ita ce Marigayiya Hajiya A'isha Lemu.

Tasowarta

An haife ta a 1940 a garin Poole, wani gari na bakin teku a kudancin Ingila. Sunanta na yanka Bridget Honey, gidansu kuwa Kirista ne. Tun tana 'yar shekara 13, watau sa'ar 'yan ajin farko na sakandare, ta fara tambayar kanta mene ne amfanin zuwanta duniya, kuma wace hanya ce za ta kai mutum ga Mahaliccinsa. Ta karanta littattafan addinin Hindu, ta duba na mabiya Buddha, zuciyarta ba ta kwanta ba. Ban kawo wannan don in taɓa addinin kowa ba, muna da maƙwabta Kirista a nan ƙasar Kafur da Malumfashi, muna cuɗanya da su lafiya. Abin da nake so ki lura da shi, yarinyar nan ba ta yarda ta zauna da duhu a kai ba, ta tashi ta yi bincike.

Da ta gama sakandare ta shiga Jami'ar Landan, sashen da ake kira SOAS, inda ake nazarin harsuna da al'adun ƙasashen Gabas da na Afirka. Har Hausarmu an koyar da ita a can shekaru masu yawa. Ita kuwa Sinanci ta zaɓa, da tarihin ƙasar Sin. A nan ne ta haɗu da ɗalibai Musulmi, suka ba ta littattafai ta karanta. A 1961, tana 'yar shekara 20 da ɗoriya, ta je cibiyar Musulunci ta Landan ta karɓi kalmar shahada, aka sa mata suna A'isha. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta makarantarsu, ita ce ma sakatariyarta ta farko.

Yanzu ki tsaya ki auna abin da yake gabanta a lokacin. A zamanin nan Turawan da suka iya Sinanci 'yan kaɗan ne. Tsibirin Hong Kong yana hannun Ingila, bai koma hannun Sin ba sai 1997. Mai digiri a wannan harshe ba zai rasa wurin zama ba, ko a ofishin harkokin waje, ko a kamfanonin ciniki, ko a jami'a. Ga danginta kusa, ga lantarki da ruwan famfo, ga asibiti kyauta. Abin da 'yan matanmu suke kwana suna kallo a waya ke nan, ita a cikinsa aka haife ta.

Amma da ta sami digiri sai ta ƙara wani karatun na koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, watau dai ta zaɓi aikin malanta. A 1966 ta haɗa kayanta ta taho Kano.

Zuwanta Kano

Duk wanda ya san tarihin ƙasar nan ya san 1966 ba shekarar da baƙo zai yi marmarin zuwa ba ce. Ran 15 ga Janairu aka yi juyin mulkin da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. A watan Yuli aka sake wani juyin. Aka yi tarzoma a garuruwan Arewa, rayuka suka salwanta, a 1967 kuma yaƙin basasa ya ɓarke, bai ƙare ba sai Janairun 1970. A cikin wannan hali ne budurwar nan ta sauka, ba uwa ba uba, ga zafin rana, ga sauro, ga tuwo da miyar da ba ta saba ba.

Ta kama aiki a makarantar koyon Larabci ta Kano da aka fi sani da SAS, wadda aka kafa tun 1934 don horon alƙalai. Shugaban makarantar a lokacin shi ne Malam Ahmad Lemu, mutumin ƙasar Nufe, wanda suka san juna tun a Landan inda shi ma ya yi karatu. A watan Afrilu na 1968 aka ɗaura musu aure, ita ce matarsa ta biyu.

Nan kam na san matan aure za su gyara zama. Mace ce da ta fito daga ƙasar da doka ta hana namiji haɗa mata biyu, ba ta taɓa ganin zaman kishiya a gidansu ba, amma ta shiga da idonta biyu. Mu da aka haife mu a ciki mun san ba ƙaramin haƙuri yake ci ba. Auren nan kuwa ya kai shekara 50, mutuwa ce ta raba.

Sakkwato da Minna

Daga Kano sai Sakkwato, hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma ta wancan lokaci, inda ta zama shugabar kwalejin 'yan mata ta gwamnati. A nan ne a 1969 ita da maigidanta da Alhaji Sani Ashafa Suleiman suka kafa Islamic Education Trust, wadda ake taƙaitawa IET, watau wata gidauniya ta yaɗa ilmin Musulunci. Matsalar da suka gani ita ce wadda uwar yarinyar nan ta kawo mini. Yaro yakan shiga makarantar boko ya fito bai san farillan alwala ba, iyaye kuwa su ga haka su ƙi sa na baya. Maganin da suka kawo shi ne a kai addini cikin aji, da ƙwararrun malamai da littattafai masu tsari, yadda yaro zai koyi Tauhidi da Fiƙihu a kan bencin da yake koyon lissafi.

A watan Fabrairu na 1976 Janar Murtala Muhammad ya ƙirƙiro Jihar Neja. Aka naɗa Shaihu Ahmad Lemu Alƙalin Alƙalan jihar, suka koma Minna. Ita kuma ta shugabanci kwalejin horon malamai mata ta garin. Shekarar nan ce aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, yara suka cika makarantu, malamai kuwa suka yi ƙaranci, musamman mata. Har ila yau a wannan shekara ta koma Landan, shekara goma bayan barinta, ta tsaya a wani babban taron Musulunci na duniya ta yi wa mutanen ƙasarta bayani a kan matsayin mace a Musulunci. Daga baya aka buga jawabin ya zama littafi.

A 1978 ta sauka daga shugabancin kwalejin. Daga nan aikin IET da rubuce-rubuce suka zama su ne babban aikinta. Ki ga sau biyu ke nan tana barin abin da mutane suke kokawa a kansa, da fari ƙasar haihuwarta, sa'an nan kujerar shugabanci. Ta shiga kwamitin da ya gyara manhajar darasin addinin Musulunci ta makarantun ƙasar nan. Ta rubuta littattafai wajen 30. In kin yi ƙaramar sakandare, da wuya in ba ki taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu ba, ko da ba ki lura da sunan da yake bango ba. Ta rubuta littafi a kan mace ta gari, ba ta kuwa bar maza ba, ta rubuta wani a kan miji na gari. Titin da hedkwatar IET take a Minna ma sunansa Ilmi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Kafin 1985 ƙungiyoyin mata Musulmi suna nan birjik, amma kowace tana garinta, ta Kano ba ta san abin da ta Ilori take yi ba. A watan Oktoba na wannan shekara aka taru a Minna aka haɗa su a ƙarƙashin inuwa ɗaya, watau Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi ta Nijeriya, wadda kowa ya sani da FOMWAN. Hajiya A'isha ce aka zaɓa Amira ta farko, ta yi shekara huɗu ta sauka ta ba wata. Ƙungiyar ta buɗe makarantu da asibitoci da gidajen marayu da azuzuwan yaƙi da jahilci na matan aure, tana da rassa a jihohin ƙasar nan har da tamu Katsina. Matan Ghana da na Saliyo ma sun kafa irinta. A shekarar 2000 gwamnatin tarayya ta ba ta lambar girma ta MON.

Allah ya yi mata rasuwa a Minna ran 5 ga Janairu, 2019, tana da shekara 78, bayan ta yi shekara 52 a cikinmu. A nan aka yi mata sutura. Maigidanta, wanda ya sami kyautar Sarki Faisal ta hidimar Musulunci a 2014, ya bi ta a watan Disamba na 2020. Allah ya jiƙansu, ya sa aljanna ce makomarsu.

Me ta bari, me ta riƙe?

To 'yar'uwa, ga inda nake so mu zo. Sa'ad da baiwar Allah nan ta juya wa Ingila baya, ta bar danginta, ta bar jin daɗin da ta saba, ta bar duk wani muƙami da Sinancinta zai kai ta. Abu ɗaya ne ba ta bari ba, shi ne karatunta. Turancin da ta iya, da dabarun koyarwa, da iya tsara littafi, da iya tafiyar da ofis, duk ta ɗauko su ta zo da su ta sa a hanyar Allah. Da a ce ran da ta musulunta ta ƙone littattafanta ta shiga ɗaka ta rufe ƙofa, da kanta kaɗai za ta amfana. Da yake ta fito da alli a hannu, dubban yaran da ba ta taɓa gani ba sun koyi salla ta dalilinta, ladan kuwa muna fata yana isa gare ta har yanzu.

Ba kuwa ita ta fara haka ba. Imamu Gazali shi ne babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, sarakuna suna girmama shi, ɗalibai ɗaruruwa suna zaune gabansa. A 1095 ya duba zuciyarsa ya ga neman suna ya shige ta, sai ya tanadar wa iyalinsa abin da za su ci, ya bar garin ya tafi Sham da Ƙudus da Makka. Ya yi shekara wajen goma yana gyaran zuciya, a ciki ya rubuta Ihya'u. Da ya ga ta gyaru, ina ya nufa? Ya koma koyarwa a Naisabur. A zamaninmu kuma akwai mawaƙin nan na Ingila, Cat Stevens, wanda ya musulunta a 1977 ya zama Yusuf Islam. Ya yi shekaru masu yawa bai hau dandalin waƙa ba, a 1983 kuma ya buɗe wa 'ya'yan Musulmi makarantar firamare a Landan.

A gida ma muna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. 'Yar Shehu ce, ƙanwar Sarkin Musulmi Bello, matar Waziri Giɗaɗo, da ta so sai ta kwanta bayi su yi mata fifita. Amma ta zaɓi dattijan mata ta koyar da su, ta naɗa su Jaji, ta tura su ƙauyuka su karantar da matan karkara, su ne 'Yan Taru. Duk waɗannan bayin Allah, da suka saki duniya, makaranta suka kama.

Ga uwa

Uwa, tsoronki ba na banza ba ne. Kin ga wadda ta yi boko ta dawo tana raina uwarta. Kin ji abin da ya faru a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300, tun daga nan kuwa zuciyar iyaye ba ta kwanta da makarantar kwana ba. In wannan ne damuwarki, a nemi ta jeka-ka-dawo, a haɗa yara su riƙa tafiya tare, a sa ido a kan ƙawayenta. Amma kada a ce don Allah aka cire ta. Ran da naƙuda ta zo wa surukarki da gardama aka ɗauke ta sai asibitin Malumfashi ko Funtuwa, wa kike fata ya duba ta? Mace. To wannan macen 'yar wata ce, uwarta ce ta daure ta bar ta ta yi karatu. In kowace uwa mai tsoron Allah ta janye tata, su wa za su rage a asibiti da aji?

Ko ibadar ma sai da sani. Hukuncin jini da wanka, da ƙabli da ba'adi, da fitar da zakkar masara da dawa, da rabon gado, duk karatu suke so, biyun ƙarshe ma har da lissafi. Rashin sani ya fi dare duhu. Ki sa ta Islamiyya ta sauke Alƙur'ani, ta yi Ahalari da Ishmawi da Iziyya, da safe kuma ki bar ta ta tafi boko. Rana tana da tsawon da zai ɗauki biyun, in dai an rage mata talla.

Ga 'yar makaranta

Ke kuma ƙanwata, ba na hana ki burin ganin ƙasashen waje. Fita neman ilmi abu ne mai kyau, in Allah ya ba ki dama ki je ki koyo. Amma ki tambayi kanki tun yanzu, in kin samo, wa za ki kai wa? Wadda ta bar ƙasar da kike ɗoki ba mahaukaciya ba ce. Ta zauna a ciki ta ga iyakarta, ta tarar akwai wata yunwa wadda albashi ba ya kashewa. Abin da yake raba karatun duniya da na lahira niyya ce. 'Yan mata biyu suna iya zama benci ɗaya suna karanta littafi ɗaya na kiwon lafiya, ɗaya tana lissafin gwal ɗin da za ta saya, ɗaya tana tuna matan ƙauyensu da suka rasu wajen haihuwa. Ki gyara taki niyyar kafin ki buɗe littafi. Kada kuma ki bari a ga ranar da boko ya sa kika bar salla ko kika ɗaga wa innarki murya, don duk wadda ta yi haka ta rufe wa ƙannenta goma ƙofar makaranta.

Ga matar aure

Wataƙila kina cewa ke kam naki ya wuce, ga goyo, ga girki, ga sussuka. Ba sai kin ƙetare teku ba kafin ki bar wani abu domin Allah. Awa ɗaya daga cikin hirar yamma, ko daga kallon waya, ta isa ki shiga Islamiyyar matan aure da izinin maigida. In kin iya karatu, maƙwabciyarki ba ta iya ba, ki zaunar da ita a tsakar gida ki koya mata rubuta sunanta da duba takardar magani. In kin sayar da wakenki na suya ko 'yar akuyarki, ki ware na littafin yarinya kafin na ankon biki. Abin da Jajin Nana Asma'u suka yi ke nan, ba su da ofis, ba su da mota.

Uwar yarinyar nan kuwa, na je har gida na same ta tana ɓarar masara, na zauna na taya ta, na ba ta wannan labari daga farko har ƙarshe. Ta yi shiru, can ta ce, "Ikon Allah. Baturiya kuma?" Na ce, "Baturiya, Inna." Ta ce za ta yi magana da mahaifin yarinyar. Har yau ban ji abin da suka yanke ba, ga shi kuwa lokacin cika takardun jarrabawar shiga sakandare yana matsowa. Yarinyar dai tana zuwa kullum, tana zaune a bencin gaba. Ina roƙonki ki sa ta a addu'a, in kuma akwai irinta a gidanku ko a maƙwabta, ki karanta wa uwarta wannan shafi.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya shirya mana zuriya, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.